Hunturu, bazara, damina: kowane lokaci da numfashinsa

Wanda ya shekara a Garwa ya san hancinsa ba ya zama da hali ɗaya. A Janairu hazo ya busar da shi har ya tsage, a Afrilu iskar da yake ja ma zafi gare ta, a Agusta kuma mura ta toshe shi. Shi ya sa ba na tare da masu koya wa mutane atisayen numfashi guda ɗaya su ce a yi ta yi ko da wane lokaci. Ni malamin firamare ne, da murya da ƙirji nake neman abinci, ga ƙurar alli kullum, kuma abin da ya amfane ni shi ne sauya atisayen gwargwadon yanayi. Ƙanwata ce ta koya mini bayan ta dawo daga karatun jinya a Indiya.

A can ana kiran wannan horo pranayama, mataki na huɗu cikin takwas da Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, ya jera a yoga. Ayurveda kuwa ita ce likitancin gargajiyar Indiya, kuma ta ce abubuwa uku ne ke juya jiki: vata mai bushewa da sanyi da rashin natsuwa, pitta mai zafi da kaifi, sai kapha mai nauyi da danshi. Idan ɗaya ya yi yawa, da kishiyarsa ake kwantar da shi. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wajenmu, tsofaffinmu ma sukan ce abinci kaza zafi gare shi, ko kuma sanyi ya kama wane. Asibiti ba ya auna waɗannan ukun a jini, ni dai na ɗauke su hanyar lura da jiki. Shekarar Ayurveda lokuta shida gare ta, ba su zo ɗaya da namu ba, don haka siffar yanayinmu nake bi, ba lissafinsu ba.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar wasu, domin ni ma shi na fara tambayar ƙanwata: shin wannan ba bautar wani addini ba ce? Ta ce, “Yaya, ba abin da za ka furta, ba wanda za ka rusuna wa. Iska ce kawai ka ja ka saki.” A kan haka na tsaya.

Ka yi atisayen ciki ba komai. Bayan sallar asuba ya fi, kafin koko. In ka ci tuwo ka ƙoshi, sai ka bari awa uku ta wuce. Zauna a tabarma ko kujera, baya a miƙe, kafaɗu a sake. Ɗora hannu a cibiya ka ja iska ta hanci: in ciki ne ya fara tasowa kafin ƙirji, ka kama hanya.

Da hunturu, lokacin da leɓe ke fashewa, barci ke guntulewa, hankali ke tashi ba dalili, wannan siffar vata ce, kuma nadi shodhana ne abin yi. Toshe ƙofar hancin dama da babban yatsan hannun dama, ka ja iska ta hagu kana ƙirga huɗu a zuci. Toshe hagu da yatsan zobe, saki dama, ka fitar kana ƙirga huɗu. Ja ta dama ɗin, toshe, fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan. Minti biyar ya isa. In ka saba, ka mayar da fitarwar shida, jan ya tsaya a huɗu.

Nan ne nake so ka tsaya ka fahimta, domin nan amfanin yake. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti in yana zaune. Da huɗu da shida kuwa, in kowace ƙirga daƙiƙa ce, ka sauko zuwa sau shida. Duk lokacin da ake fitar da iska, jijiyar vagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, tana ɗan rage bugun zuciya, saboda haka tsawaita fitarwa yana kwantar da jiki. Bincike ya nuna numfashi a hankali yana ɗan sauke hawan jini. Ka lura na ce ɗan saukewa. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya saboda wannan. Za ka kuma ji ƙofa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, kada ka damu: hanci yana karɓa-karɓa ne bayan 'yan awoyi, likita Bajamushe Richard Kayser ya bayyana haka tun 1895. Masu yoga suna danganta hagu da sanyi, dama da zafi. A cikin ɗaki ake yi da hunturu, taga a rufe, ba a tsakar gida cikin hazo ba.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke wuce digiri 40, mutum ya yi ta fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba, ga ƙwarnafi, wannan pitta ce. Shitali ake yi. Fito da harshe kaɗan, naɗe gefensa biyu ya zama kamar indararo, zuƙi iska ta cikinsa a hankali, mayar da harshe, rufe baki, fitar ta hanci. Sau goma. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya ce yana rage ƙishi da zazzaɓi. Abin da ni na gani shi ne baki da maƙogwaro suna yin sanyi, rai kuma ya kwanta. Ina yi a ofis bayan an tashi yara. Wasu harshensu ba ya naɗuwa, halitta ce. Su sai su haɗa haƙora, su buɗe leɓe, su zuƙi iska ta tsakaninsu, shi ne sitkari. Amma iskar da ta bi ta baki ba ta samu tacewar hanci ba, don haka ba a yinsa cikin ƙura, ko da mura, ko ga mai asma. Ba ya kuma maye gurbin ruwa. Wanda rana ta buga har yana jiri yana sambatu, inuwa da ruwa da asibiti yake buƙata.

Da damina, jiki ya yi nauyi, majina ta taru, tashi da safe ya zama aiki, wannan kapha ce, sai kapalabhati. Ana fyato iska ta hanci da ƙarfi, ciki yana shigewa da kowace fyatowa, jan kuwa shi yake shigowa da kansa. Sau ashirin, ka huta, ka sake sau ɗaya ko biyu. Ka ajiye hankici kusa. Wannan shi ne mai haɗari a cikinsu: mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk su bar shi. In kai ya fara juyawa ka tsaya nan take.

Akwai guda da ba ruwansa da yanayi, shi na fi so: bhramari. Da dare ka toshe kunnuwa da yatsu, ka ja iska ta hanci, ka fitar baki a rufe kana gunjin ƙudan zuma, sau biyar zuwa bakwai. A 2002 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun gano wannan gunji yana ninka iskar nitric oxide da ke fitowa daga hanci kusan sau 15, alamar iska tana ratsa kogunan da ke kewaye da hanci. Ranar da na wuni ina ɗaga murya a aji, shi ke sake mini maƙogwaro ya kawo barci.

Sabon shiga ya fara da nadi shodhana shi kaɗai na mako biyu kafin ya taɓa sauran. Riƙe numfashi da za ka gani a YouTube ka bar shi sai da malami a gabanka. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, musamman da rama ko zufar dare, ba na atisaye ba ne, a je a yi gwajin tarin fuka.