Kafin ka sayi farantin jera kaya a tanderun gasa tukwane

Gaskiya abin da ke ban tausayi shi ne mutum ya shafe sati uku yana gina kofuna da kwanuka, sannan ya ɗora su kan faranti da ya riga ya tsage. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, na buɗe tanderu da safe na tarar faranti ya rabe biyu ya danne duk abin da ke ƙasansa, har yau ina jin zafin abin.

Fara da tambayar kanka zafin da kake kaiwa. In gashinka bai wuce kon 6 ba (kon ma'aunin zafin gashi ne a tanderu), wajen digiri 1220 na Salshiyos kenan, farantin da aka yi da ma'adinin kodiyarait ya ishe ka, ba shi da tsada kuma yana jure dumama da sanyaya. Amma in kullum kon 10 kake kaiwa, kusan 1300, to na kodiyarait zai riƙa lanƙwashewa a hankali, gara ka ƙara kuɗi ka ɗau mai alumina da yawa (wani farin sinadari ne mai jure zafi sosai), mai kauri kamar inci ɗaya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma farantin da ake yi da sinadarin silikon kabaid, siriri mara nauyi, bayanka zai huta wallahi, sai dai lantarki na bin jikinsa, kar ka bari ya taɓa wayoyin dumama in tanderunka na lantarki ne, kuma in ya sha danshi aka hura masa wuta da sauri zai iya fashewa.

Yanzu gwaji, nan ne nafi so ka natsu. Tsayar da shi a gefensa, riƙe shi sama-sama da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa da maƙulli ko ƙaramin ƙarfe. Mai lafiya zai yi ƙara ƙal kamar ƙararrawa, mai tsaga a ciki kuwa sai kaji wani dum-dum a dakushe ko da idonka bai ga komai ba. Wannan ka ajiye shi kawai. Sai ka kwantar da rula a samansa daga kusurwa zuwa kusurwa ka leƙa, in haske na ratsowa ta tsakiya ya fara lotsawa, kuma gindin faffaɗan kwano zai bi wannan lotsawar.

Auna cikin tanderun, bar wajen inci ɗaya tsakanin faranti da bango don yatsunka su shiga zafi ma ya zagaya. Ƙafafu uku ka sa su ɗauki kowane faranti, ba huɗu ba, uku ba sa gurguncewa, kuma in ka jera faranti kan faranti, ƙafafun na sama su hau daidai kan na ƙasa. Kafin gashin farko shafa haɗin alumina da farin yumɓu na kawolin rabi da rabi a saman farantin kaɗai, don in ruwan ƙyalli da ake shafa wa kayan ya narke ya ɗiga ka iya ɓamɓare shi, in ka shafa a ƙasan farantin zai riƙa zubowa kan kayanka.