Yadda Ake Tantance Man Shafawa, Kwalli da Lalle Kafin a Yi Amfani da Su

Duk abin da za a shafa a jiki, mai ne ko sabulu ko hoda, binciken farko da ya kamata a yi masa shi ne a juya bayan kwalin, a ƙyale hoton da ke gaba, a nemi jerin sinadaran da aka haɗa shi da su. Kamfanonin da ke bin ƙa'ida suna jera sinadaran ne gwargwadon yawansu, wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko. A duba sunan kamfanin da adireshinsa da ranar da wa'adin kayan zai ƙare, sannan a Najeriya a nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC. Lambar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin masu jabu ma suna buga ta, amma rashinta ya isa dalilin mayar da kaya kan kanta.

Wannan binciken shi ke fitar da man haɗi da sabulun haɗi daga lissafi tun kafin a je ko'ina. Su ne waɗanda ake kwaɓawa a gida ko a shagon gyaran jiki, a zuba a farar roba, a tallata a WhatsApp da Instagram da sunan cewa daga itatuwa aka yi su, babu sinadari ko kaɗan. Mai yiwuwa akwai kurkum da zuma da man kaɗe a ciki kamar yadda aka faɗa, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da zai mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu. Idan har mai ya yi wannan aikin cikin wannan ɗan lokaci, to akwai wani abu a cikinsa da ba a ambata ba, kuma sau da yawa ita kanta mai haɗawar ba ta san adadin da ta zuba ba, tunda da cokali da murfin kwalba take awo. A ganina saurin aiki shi ne babbar alamar da ya kamata ta tsoratar da mai saye, alhali kuwa shi ne abin da ake yi wa talla.

A jerin sinadarai, sunaye uku ne suka fi cancantar a haddace yadda ake rubuta su. Na farko shi ne hydroquinone, wanda ke hana fata samar da sinadarin da ke ba ta launinta. Likitocin fata suna ba da shi na 'yan watanni don goge tabo a wani keɓaɓɓen wuri, ba don a mulke jiki da shi shekara da shekaru ba. NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan kwalliya ba, Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan fata tun 2001, Ghana kuma ta hana shigo da irin waɗannan mayuka a 2016. Illarsa ita ce idan an daɗe ana shafawa sai ya juya, kumatu da gefen idanu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda yake da wuyar magani ƙwarai, mai shi kuma ya ɗauka man ne ya yi rauni, ya ƙara neman wanda ya fi shi ƙarfi.

Na biyu rukunin magunguna ne da likitoci ke kira steroid, kuma waɗanda aka fi samu a mayukan bilicin su ne clobetasol da betamethasone. Waɗannan ba kayan kwalliya ba ne, maganin kumburi da ƙaiƙayin fata ne, wanda aka tsara a shafa na ɗan gajeren lokaci bisa umarnin likita. Suna zuwa a ƙaramin bututu irin na man goge baki, ana sayar da su a kemis da kuma teburin masu kayan kwalliya, mutane kuma su matse biyu ko uku a cikin babbar robar mai su cakuɗa. Aikinsu a fata a bayyane yake ga wanda ya lura da kyau: fatar takan yi siriri har koren jijiya ya riƙa nunawa a cinya da damtse, nankarwa mai faɗi ta fito a hammata da ƙugu ba tare da ciki ko ƙiba ba, ƙuraje su feso a fuska, makero ya bazu ya ƙi jin magani, gaɓoɓin yatsu da gwiwa kuma su tsaya baƙaƙe alhali sauran jiki ya yi fari. Ciwo ƙarami yakan daɗe bai warke ba, kuma irin wannan fatar tana ba da wahala wajen ɗinki idan tiyata ta kama, misali a haihuwa. Abin da ya fi wannan muni yana faruwa ne a ciki, domin maganin yana ratsa fata ya shiga jini, inda zai iya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya kumbura fuska, ya kuma sa jiki ya daina samar da nasa sinadarin da yake buƙata a lokacin rashin lafiya. Yara sun fi kowa shiga haɗari saboda fatarsu ta fi zuƙar abin da aka shafa mata, don haka uwar da ke shafa wa jaririnta irin man da take shafawa, don kada dangi su ce bai biyo ta ba, ta san cewa magani mai ƙarfi take ɗura masa kullum.

Na uku shi ne zaiba, wadda za a gani a rubuce da sunan mercury, ko calomel, ko mercurous chloride. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana sa rawar hannu da mantuwa da rashin barci, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Har wanda bai shafa ba a gidan tana iya samunsa ta tawul da zanin gado. Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, kuma Najeriya ke cikinta, ta fara ne da ƙayyade zaiba a kayan kwalliya, daga baya a 2023 ƙasashen suka amince a daina sa ta gaba ɗaya daga ƙarshen 2025. Matsalar ita ce masu zuba ta ba kasafai suke rubuta sunanta ba, kuma ido ko hanci ba sa gane ta, sai ɗakin gwaji. Shi ya sa man da ya yi alkawarin fari cikin kwana bakwai, ko da jerinsa ya yi tsaf, barinsa ya fi.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafa irin waɗannan mayuka kada ya yanke su dare ɗaya ba tare da shawara ba, musamman idan ana zaton akwai steroid a ciki, domin fata takan yi ja ta yi zafi kamar ƙuna, jiki kuma yana iya yin mummunar kasala har jini ya faɗi. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki robar da duk abin da ake haɗawa da ita a kai wa likitan fata, a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, shi zai tsara yadda za a rage a hankali, ya kuma auna jini da sukari da lafiyar ƙoda. A wannan tsakanin man kaɗe ko basilin ya wadatar, a kuma rage shiga rana. Launin jiki zai dawo, wataƙila ma ya fi na da duhu na wani lokaci, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya.

Kwalli kuwa matsalarsa daban ce, domin ba ya zuwa da takarda, kuma an gaje shi ne kaka da kakanni. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, galibinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan asalin Najeriya, wanda aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ta fito nan take ba. Mutanen Arewa sun san abin da dalma ke iya yi tun bala'in Zamfara na 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa zinariya, ko da yake adadin da ke shiga jiki ta kwalli bai kai wancan ba. Likitoci dai ba su san wani adadi na dalma da ba ya cutar da yaro ba. Saboda haka kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwallin dutse, kada a shafa shi a cibiya, mai ciki ma ta haƙura da shi. Wadda ke son ado ta nemi na kamfani mai rajista da jerin sinadarai, kuma kada gida guda su riƙa yawo da maciyi ɗaya daga ido zuwa ido.

A wajen ƙunshi, launi da lokaci su ne ma'auni. Lalle na ganye ja yake bayarwa ko ruwan ƙasa, kuma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin rabin sa'a ko awa ɗaya yawanci an haɗa shi ne da dayis ɗin rina gashi mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don zama a kan fata ba. Yana iya sa zanen ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo da siffar fulawar da aka zana, kuma a karon farko abin yana iya jinkiri har mako ɗaya ko biyu, wato bayan an watse daga biki. Wadda ta taɓa samun haka, jikinta ya riga ya ƙi sinadarin har abada, sai ta kiyayi rinin gashi ma. A tambayi mai ƙunshi abin da ta kwaɓa da shi, a ga kwalinsa da ido, a kuma ajiye garin dayis nesa da yara, domin shan sa yana kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda, abin da asibitocin Sudan suka daɗe suna fama da shi.

Man miƙar da gashi yana ɗauke da sodium hydroxide ko makamancinsa, masu ƙona fatar kai. Kada a shafa shi a kan da aka sosa ko mai rauni, kada a wuce mintunan da aka rubuta a kwali, a taɓa sabon tsiro kawai, a kuma bar aƙalla mako takwas tsakanin shafawa da shafawa. Idan kai ya fara zafi a wanke nan take da ruwa mai yawa, ko da mai gyaran gashin ta ce a daure bai gama nuna ba.