Ka ƙara radiyeta, wani ɗaki zafi wani sanyi? Ga inda za ka duba

Masu zama a tsofaffin gidajen New York ko Boston masu hita na tururi, musamman mai bututu ɗaya (wanda tururi ke zuwa, ruwan da ya zama in ya huce kuma ya koma ta bututu guda), matsalar nan yawanci iska ce ba wuta ba. Tururi baya shiga radiyeta (ƙarfen da ke ɗumama ɗaki) sai iskar ciki ta fita, to radiyetan da ke kusa da boila (tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi) su suke kwashe tururin, tamostat (na'urar auna zafin gida) ya kashe wuta tun na ƙarshen layi basu ko ɗumama ba.

Fara da besmen (ɗakin ƙarƙashin gida), ka duba babban bawul ɗin iska na ƙarshen bututu, in ya toshe ko yayi ƙanƙanta canza shi kawai. Sannan ƙananan na jikin radiyeta: mai sakin iska a hankali a ɗakin kusa, mai sauri a na nesa, kuma a taɓa ɗaya ɗaya ana jira kwana biyu ana gani.

Don Allah kar a ƙara fureshan boila, wato ƙarfin matsin tururi, mutane na son yin haka amma ƙasa da psi 2 (ma'aunin furesha) ya isa, ƙari sai ɓarnar gas. Bawul na ƙasan radiyeta, inda tururi ke shiga, a buɗe shi duka ko a rufe duka, rabi rabi ruwa yake tarewa kaji gwaf gwaf cikin dare. Radiyetan ma ya ɗan karkata wajen bututun dan ruwa ya koma.

Sabon bututu na zuwa da maiƙo, yana sa ruwan boila tsalle, sai an kwashe saman ruwan. In duk anyi wannan shiru, ƙila boilan ce tayi kaɗan ga yawan radiyetan, kira fulamba ya auna.