Yadda Za Ka Haɗa Janaretan Masana'anta da Rumbun Bayanai na Intanet

Duk mai masana'antar da ya tambaye ni ta ina zai fara haɗa injinansa da intanet, janareta nake nuna masa. A nan kuɗi suka fi zurarewa. Kuma allon da ke jikin manyan janaretoci, irin na kamfanin Deep Sea, dama can yana ƙirga awannin aiki, zafin ruwa, ƙarfin baƙin mai da nauyin da injin ya ɗauka. Abin da ya rage maka shi ne fito da lambobin nan waje.

Leƙa bayan allon, ka nemi inda aka rubuta RS-485, wato wurin jona wayar sadarwa, da harufan A da B. Da Modbus allon yake magana, tsarin sadarwar na'urori da kamfanin Modicon ya fitar tun 1979, har yau kuma yana nan daram. Ka samu waya mai murɗaɗɗun silli biyu da rigar kariya, ka ja ta zuwa ƙaramar na'urar mahaɗa mai cin layin waya. Wayar tana iya kai mita 1,200, amma don Allah kada ka kwantar da ita a rami ɗaya da wayoyin wuta masu kauri, lambobin za su riƙa zuwa a hargitse. Idan ta yi nisa, sa rezisto mai ohm 120 a kowane ƙarshe.

Sai saiti. Gudun sadarwa, misali 9600 ko 19200, da lambar adireshin injin a tsarin Modbus, dole su zo ɗaya a ɓangarorin biyu. In ka ji shiru, fara musanya A da B kafin ka zargi komai, don kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan sunayen ba. Takardar da ke nuna rajistar kowane bayani kuwa, wato lambar gurbin da yake a cikin allon, wajen kamfanin da ya ƙera allon za ka nema.

Daga mahaɗar zuwa rumbun, tsarin tura saƙo na MQTT na fi so. An ƙirƙire shi a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan Adam, shi ya sa ba ya cin data. Ka bi ta ƙofa 8883 mai kariyar TLS da ke ɓoye bayanai a hanya, ka guji 1883. Rumbunan intanet irin su AWS IoT Core ko ThingsBoard duk za su karɓa.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ajiya. A Sharada ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, sabis yakan ɗauke, wuta ma haka. Ka sayi mahaɗar da za ta riƙe bayanai a cikinta tare da lokacinsu, ta tura idan sabis ya dawo, ka kuma jona ta da batir. Sannan ka bar ta a karatu kawai, ban da rubutu, wato tura wa injin umarni. Modbus ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya samu hanyar rubutu zai iya kashe maka inji daga nesa.

Karatu ɗaya a minti ya wadatar. Makon farko ka riƙa gwada abin da wayarka ke nunawa da wanda ke fuskar allon, musamman zafi da awanni, kafin ka saita saƙon gargaɗi.