Gilashin FPV na dijital: yadda za ka zaɓa, ka haɗa, ka gwada kafin ka yi nisa

Ranar da na fara sa gilashin FPV na dijital, wato gilashin da ke nuna maka kai tsaye abin da kyamarar ƙaramin jirgi marar matuƙi (drone) take gani, bayan shekarun da na yi ina tashi da tsohon tsarin analog, abin da ya fara ba ni mamaki rassan bishiya ne. Ƙananan rassa marasa ganye, waɗanda a da sai na kusa karo da su nake ganinsu, ga su nan tar tun daga nesa. Wannan kyan hoton ne ke jan kowa zuwa dijital, kuma shi ne ke sa sabon shiga ya saki jiki fiye da kima. Don haka abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne ka san yadda hoton tsarinka yake lalacewa idan sigina ta yi rauni, domin kowane tsari da irin tasa mutuwar.

Fara da zaɓen tsari, gilashi ya biyo baya. Manyan tsare-tsaren guda uku ne: DJI, wanda ya fito da nasa a 2019, sai Walksnail Avatar na kamfanin Caddx da ya zo a 2022, sai HDZero, wanda da farko aka san shi da sunan Shark Byte. Dukkansu suna aiki a zangon 5.8 GHz, amma ba sa jin yaren juna. Gilashin DJI ba zai karɓi hoto daga na'urar aikawa (wadda ke kan jirgi tana turo hoto) ta HDZero ba, haka ma na Walksnail. Duk wanda ka ɗauka, duk jirgin da za ka haɗa nan gaba sai ya bi shi. Ko a cikin gidan DJI ɗin kansa, ba kowane gilashi ke tafiya da kowace na'urar aikawa ba, don haka duba jerin abin da ya dace da wane kafin ka saya, musamman in na hannu ne.

Bambancin da ya fi komai yana cikin yadda suke aika hoto. DJI da Walksnail magana suke yi ta fuska biyu: jirgi ya aiko, gilashi ya amsa, in wani yanki ya ɓace a sake aiko shi. Shi ya sa hotonsu yake da tsabta haka. Amma in sigina ta fara rauni, jinkiri yakan ƙaru, hoto ya yi dishi-dishi, sannan yana iya daskarewa baki ɗaya alhali jirgi yana ci gaba da tafiya. HDZero kuwa aikawa kawai yake yi, ba ya jiran amsa. Abin da ya ɓace ya ɓace, sai ka ga ɗigo-ɗigo da ƴan murabba'ai suna yawo a allo, amma jinkirin bai canja ba, kuma kana ganin inda kake. Masu tsere sun fi karkata gare shi saboda haka, ga shi kuma yana iya ba da hoto 90 a daƙiƙa ɗaya. Ni dai shawagi nake yi tsakanin bishiyoyi da tsofaffin gine-gine, ina ɗaukar bidiyo, don haka tsarin mai amsawa na zaɓa, na kuma yarda da sharaɗinsa.

In kana da gilashin analog mai kyau wanda yake da mashigar HDMI, ba dole ka jefar da shi ba. Walksnail da HDZero duk suna da akwatin karɓa da ake liƙawa a goshin gilashi a jona da waya. Hanya ce mai kyau ta gwaji, sai dai nauyi zai ƙaru a fuska, wayoyi su yi yawa, kuma hoton ba zai wuce ƙarfin allon tsohon gilashin ba.

Sai haɗawa a kan tebur. Cire farfela tukuna, duka huɗun. Kada ka taɓa jona batir alhali na'urar aikawa ba ta da eriya, domin ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya koma ciki ya ƙona ta. A tsarin da ke amsawa gilashin ma yana aikawa, saboda haka shi ma ɗaura masa eriyoyinsa kafin ka kunna. Ka kuma ajiye ƙaramar fanka tana hura jirgin, don waɗannan na'urori iskar tashi ce ke sanyaya su, a kan tebur cikin ƴan mintuna sai su yi zafin da yatsa ba zai jure ba.

Wayoyi huɗu ne ginshiƙi: wuta, ƙasa (wato negatif), da biyun UART, waɗanda ke kai bayanai: TX mai aikawa da RX mai karɓa. TX na na'urar aikawa yana zuwa RX na ƙwaƙwalwar jirgi, RX kuma ya je TX. Mafi yawan masu cewa suna ganin hoto amma babu rubutun OSD, wato bayanan jirgi da ke fitowa a kan hoto, a nan suka yi kuskure, sun haɗa TX da TX. A Betaflight, manhajar ƙwaƙwalwar jirgi, daga 4.4 zuwa sama, sai ka kunna saitin da ke aika wannan rubutu, MSP DisplayPort, a kan wannan UART ɗin, ka zaɓi allon HD. Bayan haka ka tabbatar manhajar cikin gilashi da ta na'urar aikawa sun dace da juna, sannan ka danna maɓallan haɗi na ɓangarorin biyu. HDZero ba ya buƙatar wannan haɗin, tasha ɗaya kawai za ka sa su, kamar analog.

Maganar eriya ita ce wadda zan daɗe a kanta, don a nan na taɓa yin asarar mako guda ina neman matsala a inda ba ta. Na sayi sababbin eriyoyi, na ɗaura, suka shiga daidai, amma ko mita 50 ban kai ba hoto ya fara tsinkewa. Sai da na kwance ɗaya na leƙa cikinta da tocila: rami a eriya, rami a gilashi, babu tsinken da zai haɗa su. Mahaɗan eriya iri biyu, SMA da RP-SMA, zarensu ɗaya ne, suna ɗauruwa da juna lafiya lau, bambancin kawai wane ɓangare ne ke da tsinke a tsakiya. Leƙa kafin ka saya. Abu na biyu, juyin sigina: akwai LHCP mai juyin hagu, akwai RHCP mai juyin dama. Na jirgi da na gilashi dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba mafi yawan siginar za ta salwanta. Na uku, haɗa iri biyu a gilashi: mai karɓa ta ko'ina don lokacin da jirgi ya zagaya bayanka, da mai faɗi wadda ke kallon gaba don nisa. Mai faɗin ba ta da amfani in kana sunkuyar da kai, kuma kusan kowa yana sunkuyarwa ba tare da ya sani ba. Ɗaga haɓa, ka fuskanci inda jirgin yake.

Kada ƙarfin aikawa ya ruɗe ka. Kafin ka ninka nisa sau biyu a fili, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu, wato daga miliwat 25 zuwa 100, kuma bango mai kauri ko bishiya mai ganye sharkaf suna cinye wannan ribar nan take. Eriya mai kyau da aka ɗora inda batir da firam ɗin kabon ba su tare ta ba ta fi ƙarin wuta amfani. Kowace ƙasa da iyakar ƙarfin da ta yarda da shi, ka bi ta ƙasarka. In kuna tashi da yawa, ku raba tashoshi kafin kowa ya jona batir, don wanda ya kunna a kan tashar wani yana iya makantar da shi a sama.

Yanzu gwajin da nake yi wa kowane sabon jirgi. Na sami fili buɗaɗɗe, na sa ƙarfi a miliwat 25, na sa katin ajiya a gilashi yana naɗa, wani kuma yana tsaye kusa da ni idonsa a kan jirgin. Ina tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, ina kallon lambar yawan bayanan da ke isowa da ta jinkiri a gefen allo. Da hoto ya fara canjawa sai in tsaya, in ɗan hau sama, in juyo. Hawa sama yakan dawo da sigina saboda ya kawar da abin da ya tare. Daga baya in zauna in kalli abin da aka naɗa, in lura da lambar da hoto ya fara dishi a kanta da kuma tazarar da ke tsakanin wannan da daskarewa. Wannan lambar ce nake juyowa a kanta a duk tashin da zai biyo baya.

Daidaita tazarar idanu da kaifin gani tun kana zaune, ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan, har rubutun kusurwoyi huɗu ya fito sarai. In ka cire gilashin, kifa shi ko ka mayar jaka nan take. Madubansa suna tara hasken rana wuri guda, cikin ƴan daƙiƙu su ƙona allon ciki, kuma tabon ba ya gogewa.