Kafin ki tsoma yadi a rini

'Yan uwa masu koyon rini da zanen tufafi, musamman ƙannena da ke Samaru, ga shawara daga abin da ya faru da ni.

Kada ki sayi farin yadi sai kin gwada shi. Ki zare zare guda a gefe ki kunna masa ashana. Idan auduga ce, zai ci kamar takarda ya bar toka mai laushi. Idan ya narke ya dunƙule kamar leda, da roba a ciki, baba, wato shuɗin rini, ba zai kama shi sosai ba. Ni yadi huɗu na yi asara, bayan na kwana uku ina ɗaure-ɗaure, wallahi har hawaye na yi.

Sannan ki wanke shi da ruwan zafi, sitacin ya fita.

In kin ciro shi daga rini kika gan shi kore, kada hankalinki ya tashi. Ki baza shi a inuwa, iska ce ke mayar da shi shuɗi. Ki sake tsomawa sau uku ko huɗu in kina son ya yi duhu. Kuma ki sa safar hannu, sodar da ake sawa a ruwan rini na cin fata.