Yadda za ki zaɓi kayan Indiya da suka dace da bikin da za ki je

Ɗalibai mata da ke karatu a Bangalore ko Hyderabad, da matan da suka raka majinyaci Delhi ko Chennai har suka kwashe watanni, sukan samu gayyatar biki daga maƙwabta ko abokan karatu. A gida ma akwai amaren da ke ware rana guda ta shigar Indiya cikin shagalin aurensu. Duk wadda hakan ta same ta, sari ne ke fara faɗo mata a rai. Shawarata ita ce ki ajiye maganar kaya tukuna, ki fara sanin taron da abin da jikinki zai yi a wurin: zama a ƙasa ne, rawa ce, ko tsayuwar gaisawa da mutane.

Abu na farko, ki tambayi wadda ta gayyace ki wane zama ne. Auren Indiya, musamman a arewacin ƙasar, kwanaki ake yi ana shagali, kowace rana da shigarta. Ranar haldi ana kwaɓa kurkum a shafa wa ango da amarya, mahalarta su sa rawaya. Kurkum in ya taɓa yadi da wuya ya fita, don haka auduga mai araha ta wadatar. Ranar mehndi ranar lalle ce, an fi sa kore. Ki nemi riga mai hannun da zai naɗu zuwa gwiwar hannu, ki maƙale mayafinki da fil tun daga gida, domin da zarar an zana miki lalle ba ki da hannun gyara komai sai ya bushe. Daren sangeet na kiɗa da rawa ne. Kaya masu nauyin aiki kuwa a bar su sai ranar ɗaurin aure da walima.

Na biyu, ki san addinin masu bikin, don shi ke yanke hukuncin launi. A auren mabiya Hindu ja na amarya ne, baƙuwa ba ta shiga ja wur ta yi gogayya da ita. Fari sol a wurin yawancinsu kayan makoki ne, baƙi kuma iyalai da yawa ba sa son ganinsa a wurin ibadar aure. Jihar Kerala ta fita daban: sarinsu na kasavu mai ruwan madara da bakin zinare shi ne kayan alfarma, shi mata ke ɗaurawa a bikin Onam. Idan auren mabiya Sikh ne, a wurin ibadarsu ake ɗaura shi, kowa zai cire takalmi, ya rufe kai, ya zauna a ƙasa. Ruwan hoda, ruwan goro, kore da shuɗi ba sa jawo miki magana a ko'ina.

Na uku, zaɓen samfurin kansa, kuma nan ne ya kamata ki natsu.

Sari yadi ne guda marar ɗinki, tsawonsa kusan mita 5 da rabi, amma akwai masu haura mita 8, irin na jihar Maharashtra. Ana ɗaura shi a kan fatari da 'yar riga, a jera ninki a gaba a soke a ƙugu, a jefa ragowar a kafaɗar hagu. Wadda ta saba da lafaya za ta ga kamar ta iya, amma lafaya naɗa ta ake yi ta lulluɓe jiki har kai, sari kuwa dukkan nauyinsa a kan zariyar fatari yake, in ta yi sako-sako ninkin gaba zai zube a tsakiyar mutane. Babu shigar da ta kai shi kwarjini a walima, sai dai yana son sabo. In ranar ce karonki na farko, ki nemi wadda za ta ɗaura miki, ko ki sayi irin wanda aka riga aka ɗinke ninkinsa.

Lehenga buje ne mai faɗi har ƙasa, da riga, da mayafi da suke kira dupatta. Shi ya fi kyau da rawa, shi ne kuma shigar yawancin amaren arewacin Indiya. Matsalarsa nauyi: na amare mai aikin zardozi, wato surfanin zaren ƙarfe, yakan haura kilo 5. Baƙuwa ba ta buƙatar wannan. Ki nemi mai aikin gota na Rajasthan ko mai ƙananan madubai irin na Gujarat, sun fi sauƙin ɗauka.

Anarkali doguwar riga ce da ta kama ƙirji ta buɗe daga nan zuwa ƙasa, ana sa ta da matsattsen wando da mayafi. A ganina ita ce zaɓin da ya fi dacewa da mace Bahaushiya da ba ta saba da kayan ba. Ba ta nuna ciki, ba ta nuna baya, ba a ɗaura komai, za ki yi alwala ki yi sallah a cikinta ba tare da fargaba ba, kuma in aikinta ya yi kyau ta isa shiga kowace walima.

Sharara da gharara wanduna ne masu faɗin ƙafa da ake sa su da gajeriyar riga. Sharara tun daga sama take buɗewa, gharara kuwa tana bin cinya zuwa gwiwa, a nan a yi mata tattara ta baje. Gharara gadon gidajen Musulmin birnin Lucknow ce, shi ya sa ba ta da na biyu a ɗaurin auren Musulmi ko ranar Sallah. Salwar kamiz, riga da wando na Punjab, shi ne na ƙananan taruka da ziyara.

Maganar sutura kada ta hana ki sari ko lehenga in su ranki ke so. Rigar da ke zuwa da su galibi yadi ce ba a ɗinka ba, ke za ki faɗa wa tela yadda kike so. Ki ce ya yi mata dogon hannu, ya rufe baya, ya sauko da ita har ta haɗu da ƙugun bujen. Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 a ƙidayar 2011, telolin can sun saba da wannan buƙata sarai. Da lehenga ki sayi mayafi biyu, ɗaya na kai, ɗaya na kafaɗa.

Na huɗu, yadi da yanayi. An fi yin bukukuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da Delhi ke sanyi sosai da dare. Wannan ne lokacin alharini mai nauyi: Banarasi da ake saƙawa a Varanasi, inda akasarin masaƙan Musulmi ne, ko Kanjivaram na garin Kanchipuram a Tamil Nadu. A watan Mayu kuwa zafin Delhi yana wuce digiri 40, alharini mai kauri azaba ne. Ki koma Chanderi mai shara-shara daga Madhya Pradesh, ko auduga mai surfanin chikankari na Lucknow, ko bandhani, ɗaurin rini na Gujarat da Rajasthan.

Na biyar, saye. A Delhi kasuwar Chandni Chowk ce matattarar lehenga, a Chennai unguwar T. Nagar ce ta alharini, a Hyderabad kuma Laad Bazaar da ke kusa da ginin tarihi na Charminar ita ce ta awarwaro. In an ce miki alharini ne, ki duba tambarin Silk Mark a jiki. In babu, ki roƙi a zare miki zare ɗaya daga gefe a ƙona: na gaske yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba yana narkewa ya dunƙule. A Kanjivaram na asali ki juya bakin ki duba, za ki ga layin da aka haɗa shi da jikin yadin a kan masaƙa, domin kowanne da zarensa daban. Idan ta intanet za ki saya, ki karanta da kyau, lehenga da yawa rabin ɗinki ake turo su, kuma awon inci suke amfani da shi.

Daga nan sai wurin tela, kuma ki ba shi aƙalla mako biyu a lokacin bukukuwa. Sabon sari yana buƙatar a ɗinka masa ƙyalle ta ciki a bakin ƙasa don ya yi nauyi ya zauna, a kuma kalmashe gefunansa. Fatarin ya zama launi ɗaya da sarin, mai zariya ba mai roba ba. Ranar awon lehenga ki tafi da takalmin da za ki sa, don da tsayinsa ake yanke tsawon bujen.

Kwana biyu kafin bikin ki sa kayan gaba ɗaya a ɗaki. Ki zauna a ƙasa ki tashi, ki hau matakala, ki ɗaga hannuwa sama ki ga ko rigar tana ɗagewa. Inda ya matse ko ya zame, akwai sauran lokacin komawa wurin tela. Ki kuma zuba fil guda 5 ko 6 a jakar hannunki, ɗaya na kafaɗa, ɗaya na ninkin gaba, sauran na ko-ta-kwana.